Yadda ake ɗaukar hoton biri mai ganga da sauran birai a dazukan Kamaru

Ni mai hoto ne a Garwa. Na daɗe ina ɗaukar biki da suna da hawan salla kafin in juya kyamarata wajen daji, kuma tun da na fara nuna hotunan birai, tambaya ɗaya samarin da ke sha'awar sana'ar suke ta yi mini: a ina ake samun biri mai ganga, kuma yaya ake ɗaukarsa? Biri mai ganga shi ne wanda Turawa ke kira cimfanzi. Hausawan yankin Gashaka suna kiransa haka ne saboda yakan daki saiwoyin manyan itatuwa, irin waɗanda suke fitowa waje kamar katanga, da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kurmi kamar kiɗan ganga. Ka riƙe sunan nan da kyau, domin dabba ce da kunne yake fara samu tun kafin ido ya gan ta, kuma duk shirin da zan faɗa maka a kan haka ya ginu.

Da farko ka san inda yake

Babu shi a Cadi, babu shi a Waza, babu shi a dazukan da ke kewaye da Garwa. Yana buƙatar kurmi mai 'ya'yan itace da ruwa. Wuri na farko a gare mu mutanen arewa shi ne gandun dajin Mbam da Jerem, kudu da Tibati, wanda aka kafa a shekarar 2000, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 4,000. A nan ne dajin ciyawa irin namu yake haɗuwa da kurmin kudu, kogin Jerem kuma ya ratsa ta tsakiyarsa. Na biyu shi ne Gashaka Gumti, a tsallaken iyaka ta ɓangaren Najeriya, daura da tsaunukan Banyo. Irin da ke zaune a waɗannan wurare biyu, wato na arewacin kogin Sanaga, shi ne mafi ƙaranci a cikin ire-iren biri mai ganga huɗu da ke Afirka. Ƙiyasin masana bai haura 9,000 ba a duniya baki ɗaya. Na kudancin Sanaga, irin na Dja da Lobeke da Kampo Ma'an, wani iri ne daban.

Akwai gaskiyar da ya kamata ka haɗiye tun kana gida. Hotunan nan da kake gani na biri mai ganga ya zauna ya tallafe haɓa yana kallon mai hoto, galibinsu daga Kibale ta Uganda ne, ko Gombe da Mahale na Tanzaniya, inda aka shafe shekaru ana bin garke ɗaya kullum har ya daina gudun mutum. A Gomben Tanzaniya tun 1960 wata mai binciken birai, Jane Goodall, ta fara wannan aiki. Namu na nan bai san mutum da komai ba sai bindiga da tarko. Yana jin motsinka ya sulale. Kana iya yin kwana bakwai a kurmi ka gan shi sau ɗaya na daƙiƙa 20, kana iya dawowa da muryarsa kawai a kunnenka. Wanda ya shiga da sanin haka ba zai matsa wa jagora lamba ba, ba kuma zai yi wa dabbar abin da zai cutar da ita don neman hoto ba.

Ka fara koyo a kan biran da ke kusa da gida

Kada biri mai ganga ya zama birin farko da ka saita wa kyamara. Daƙiƙa 20 ɗin nan ba lokacin laluben maɓalli ba ne. Makarantarka tana nan a gandun dajin Binuwai, tsakanin Garwa da Ngaundare, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968. Ka je sansanin Buffle Noir da ke bakin kogi ka yi kwana uku da rani, tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma kowace dabba take gangarowa ruwa. Mutanen Cadi suna da Zakuma, su ma za su sami yawancin waɗannan birai a can.

Gwaggon biri, wanda wasu ke cewa gogo ko bika, shi ne malaminka na farko. Yana yawo garke-garke a ƙasa, ba ya saurin gudu, ga shi da harkoki: uwa na yi wa ɗa tsifa, ƙanana na kokawa, babban namiji ya hau suri yana gadi. A kansa za ka koyi sa saitin kyamara a kan ido, ka koyi durƙusawa ka daidaita tsayinka da na dabba, domin hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ƙanƙantar da ita. A kansa kuma za ka koyi karanta fuska. In ka ga namiji ya yi doguwar hamma ya baje fiƙoƙi yana kallonka, ko yana ɗaga gira har farin fatar idonsa ya bayyana, gargaɗi yake yi maka. Ka kawar da idonka, ka ja baya a hankali, kada ka juya da gudu.

Jan biri zai koya maka sauri. Shi ne ya fi kowane biri gudu a ƙasa, yana kaiwa kilomita 55 a awa, kuma da wuya ya bari ka matso. Kirka, mai baƙar fuska da farin gashi a goshi, zai koya maka ɗaukar dabba a cikin rassa. Amma wanda na fi so ka ɓata lokaci a kansa shi ne biri mai roro, baƙi mai farin gashi da ya zubo masa a kafaɗu kamar alkyabba, mai farin tuntu a wutsiya. Yana zaune a dogayen itatuwan bakin kogi, ganye yake ci, saboda haka yakan daɗe zaune yana narkar da abinci. Baƙi ne da fari a jiki ɗaya, a saman itace, sararin sama mai haske a bayansa: duk wahalar da za ka sha da biri mai ganga tana nan a tattare da shi, sai dai shi yana ba ka lokaci ka yi kuskure ka gyara. In ka dace da jaririnsa, fari fat ake haifarsa, sai daga baya ya rikiɗe.

A nan ne kuma za ka gane sirrin hoton tsalle. Birai na da hanyoyinsu a sama kamar yadda muke da su a ƙasa. In na farko ya yi tsalle daga wannan reshe zuwa wancan, na biyu da na uku ta nan za su bi. Ka bar na farko ya wuce, ka saita kyamara a kan gurbin da ke tsakanin rassan biyu, ka ɗaga saurin ƙiftawarta, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, zuwa 1/1000 na daƙiƙa ko sama, ka jira. Kafin biri ya tashi yakan tsaya ya ƙura wa reshen da zai faɗa ido, ya ɗan lanƙwasa jiki. Nan za ka danna, ka riƙe, kyamara ta yi ta ɗauka a jere.

Kada ka ba ko ɗaya daga cikinsu abinci. Na san masu motoci kan jefa wa gwaggon biri ayaba da biredi a kan hanyar Ngaundare, kuma na san hoto yana sauƙi a haka. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum gobe shi zai shiga gonar masara, ko mota ta take shi a kwalta, ko ya ciji yaro a harbe shi.

Takardu, jagora da lokaci

Duk gandun daji a Kamaru yana ƙarƙashin Ma'aikatar Dazuka da Namun Daji, kowanne kuma yana da shugabansa da masu gadinsa. Ofishin gandun Mbam da Jerem yana Mbakau, kusa da madatsar ruwa, ba nisa da Tibati. Daga Ngaundare kana iya shiga jirgin ƙasa ka sauka a Ngaundal, sannan ka hau mota zuwa Tibati. Ka tuntuɓi ofishin makonni kafin tafiya, ka faɗa musu ƙarara cewa hoto za ka ɗauka, da irin kayan da kake ɗauke da su, domin kuɗin shiga daban, na kyamara daban, kuma izinin mai ɗaukar fim na sayarwa ba ɗaya yake da na ɗan yawon buɗe ido ba. Ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. Jirgin hoto mara matuƙi ka bar shi a gida: yana buƙatar izini na musamman, kuma ƙararsa tana tarwatsa birai, domin a wurinsu duk abin da ke shawagi a sama gaggafa ce. Ka kuma tambayi ofishin halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, kada ka yi tafiyar dare.

Mutum biyu za su raka ka: mai gadin daji, da mai bin sawu daga ƙauyukan da ke kewaye. Na biyun nan shi ne idonka da kunnenka. Sau da yawa tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga, kuma kuɗin da kake biyansa yana cikin abin da zai hana shi komawa gare ta. Ku yi ciniki tun a gari, kuɗin yini da abinci da na masu ɗaukar kaya, ka biya cikakke ko an ga dabba ko ba a gani ba. Kada ka taɓa cewa za ka ƙara masa in ya kai ka kusa. Wannan alkawari shi ke sa a kori dabba, a tare mata hanya, a tashe ta daga kan abincinta.

Game da lokaci, rani ya fi sauƙin tafiya, daga Nuwamba zuwa Maris: rafuka sun ja, hanyoyi sun bushe, birai na taruwa a kurmin bakin ruwa. Illarsa ita ce busasshen ganye yana tona asirin tafiyarka, hazon hunturu kuma yana dusashe hoto daga nesa. Farkon damina ya fi kyan launi da yawan 'ya'yan itace, amma ga laka ga ruwa. Ga mai zuwa karon farko, rani nake zaɓa masa. Ka ware aƙalla kwana biyar a cikin daji, ban da kwanakin hanya.

Kayan da za ka ɗauka

A kurmi matsalar haske ce kafin matsalar nisa. Da tsakar rana ma ƙasan kurmi kamar bayan magariba yake. Saboda haka madubin kyamara mai buɗe ƙofar haske sosai ya fi mai dogon zango amfani. In kana da madubi mai zangon milimita 70-200 wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/2.8, shi ne na farko. Mai 100-400 yana da kyau ga birai na saman itace da na fili, amma a cikin duhu zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. In ɗaya kawai za ka iya aro ko haya, ga Mbam da Jerem ni mai 100-400 zan ɗauka, tunda dabbar ba za ta bari ka matso ba, kuma galibi a sama za ka gan ta. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku nauyi ne kawai, sanda mai ƙafa ɗaya ta ishe ka, ta kuma zame maka sandar dogarawa a gangare.

Batir uku zuwa huɗu, cike. Katin ajiya fiye da yadda kake zato. Fawa banki, tunda babu wuta. Tabarau mai hangen nesa, ko da ƙarami ne. Leda mai kauri ta rufe kyamara in ruwa ya sauko, da ƙyalle mai taushi na goge madubi. Ka tara ƙananan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka zuba su a jakar kyamara, domin danshin kurmi yana haifar da fumfuna a cikin madubi, in ta kama kuwa gyaranta ya fi ƙarfin mai gyaran kasuwa. Kada ka riƙa sauya madubi a fili lokacin hunturu, ƙura za ta shiga.

Tufafi masu launin ƙasa ko kore mai duhu, dogon hannu, dogon wando. Ka guji shuɗi da baƙi, su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando. Farar riga kuma tun daga nesa take sanar da zuwanka. Ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa, in ka taka layinsu za ka manta da kyamara. Takalmin roba mai tsawo irin na manoman fadama ya fi takalmi mai tsada aiki. Turare, sigari da sabulu mai ƙamshi duk ka ajiye su. Gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, da katin allurar shawara su shiga jaka tun farko.

Lafiyarka lafiyarsa ce

Mun saba cewa biri ya yi kama da mutum. A kan biri mai ganga maganar ta wuce karin magana: kusan kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsa irin namu ne, kuma cututtuka da yawa da ke kama mu suna kama shi. Murar da za ka sha shayi da citta ka warke tana iya zama ajalinsa. A dajin Tai na Kodebuwa an tabbatar cewa cututtukan numfashi da suka fito daga mutane sun kashe birai masu ganga. Don haka in ka tashi ranar tafiya da mura ko tari ko gudawa, ka zauna a sansani, komai kuɗin da ka kashe. Ka sa takunkumi da zarar mai bin sawu ya ce an kusa. Kada ka matsa ƙasa da mita 10. Kada ka wuce awa ɗaya tare da su in Allah ya sa sun tsaya. Ba a zuwa da yaro ɗan ƙasa da shekara 15. Ba a ci, ba a sha, ba a tofar da yawu kusa da su. In bayan gida ya kama ka, ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Bawon lemo da ledar biskit su koma jakarka.

Bin sawu

Biri mai ganga yana yin sabuwar sheƙa kusan kowane dare. Da yamma yakan hau itace, ya lanƙwasa rassa ya saƙa su cikin 'yan mintuna, ya kwanta. Kafin kwanciya garken kan kira juna da wani ihu da ke farawa a hankali, hu, hu, hu, yana hawa yana sauri har ya fashe da ƙara, wani lokaci a rufe da gangar. Aikinka na yammacin farko shi ne ku hau tudu ku zauna shiru daga la'asar zuwa magariba, kuna saurare. Inda kiran ƙarshe ya fito, nan suka kwana.

Washegari ka yi sallar asuba da zarar alfijir ya keto, kaya a ɗaure tun dare, ku kama hanya da tocila a rufe da tafin hannu. Ana so ku isa kusa da wurin kwanansu kafin su sauko, domin da sun taɓa ƙasa sun fi ka sauri nesa ba kusa ba. Ku lura da iska, ta riƙa busowa daga wajensu zuwa wajenku. Waya a kashe mata sauti. Magana da hannu.

A tafiyata ta farko, a rana ta uku, mai bin sawunmu, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya tsaya cak ya ɗaga wani abu daga ƙasa kamar tauna ta rake. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Ɓaure ne, yaro. Ya tsotse ruwan ya tofar da tuƙar. Taɓa ka ji." Da danshinta. Ya nuna mini sawu a laka, gaɓoɓin yatsu huɗu a jere, domin a kan bayan yatsunsa yake dogarawa in yana tafiya. Sai ya ce, "Ba za mu bi shi ba. Itacen bai ƙare ba, zai dawo." Wannan ita ce dabara mafi amfani da na koya a kurmi. Dabbar da ba ta saba da mutum ba, binta korarta ne. Ka nemo itacen ɓaure ko wani itace da ya nuna, mai sabbin alamu a gindinsa, ka zaɓi wurin zama mai nisan mita 30 zuwa 40 inda kake hango rassan ta wata kafa a cikin ganye, rana a bayanka, ka jingina da gindin itace don kada siffarka ta fita, ka zauna. Mun zauna daga hantsi har bayan azahar ba mu ga komai ba. Washegari muka dawo tun duhu, wajen ƙarfe bakwai uwa ta hau da ɗanta manne a cikinta.

Zaman nan ba ya tashi a banza ko da shi bai zo ba. Itacen da ya nuna kasuwa ce ta dukan kurmi. Baƙin biri mai farin ɗigo a hanci zai zo, biri mai roro zai ratsa, manyan tsuntsaye masu ƙaton baki za su sauka da ƙarar fiffike. A bakin Jerem akwai wani biri mai farin gemu da jan goshi, mai ɓuya ƙwarai, wanda samun hotonsa abin alfahari ne ga kowane mai hoto.

Ka kuma ɗauki alamun da kansu. Sheƙa a saman itace, sawu a laka da murfin madubi a gefensa don a ga girmansa, tuƙar ɓaure, da sandunan da yake gyarawa yana zura su a ramin kwarkwasa ko gidan zuma. A dajin Ebo da ke kusa da Duwala har dutse suke sawa su fasa ƙwallon itace. In ka ga irin waɗannan sanduna, ka ɗauke su a inda suke, kada ka taɓa, ka nuna wa mai gadin daji, domin masu bincike suna bukatar sanin wurin. Ihun nasu kuma ka naɗe shi da waya.

Saitin kyamara, tun kafin ya bayyana

Ka saita komai tun kana zaune, kuma ka riƙa sabunta saitin duk bayan mintuna kaɗan yadda haske ke sauyawa. Ka gwada a kan wani baƙin kututture da ke reshen da kake sa ran zai zauna.

Ƙofar haske a buɗe ta har ƙarshe, f/2.8 ko f/5.6, gwargwadon madubinka. Saurin ƙiftawa kada ya sauka ƙasa da 1/250 ga dabbar da ke zaune tana ci, 1/500 in tana tafiya a reshe. ISO ka bar shi ya hau, 1600, 3200, har 6400 in ta kama. Masu ɗaukar biki suna tsoron ISO mai yawa saboda yashin da yake sawa a hoto, amma yashi ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye hoton ɗanye yadda kyamara ta kama shi, domin hasken da ya ratso ganye yana rina baƙin gashi ya koma kore, kuma a RAW ne kawai za ka gyara wannan ba tare da ka ɓata hoton ba.

Sai babbar matsala: baƙar dabba, farin sama a bayanta. Kyamara za ta auna hasken saman, ta ba ka baƙin dunƙule mara ido. Ka ƙara haske da hannunka, +1 zuwa +2, ka bar saman ya ƙone in zai ƙone, fuskar kake nema. Mafi kyau ma ka ɗan gusa, a zaune, har ganye mai duhu ya zama shi ne bayanta. In kuwa tana ƙasa a cikin duhu, komai baƙi, sai ka rage kaɗan, wajen -1/3 ko -2/3, don kada kyamara ta mai da gashin toka-toka. Rana mai gajimare ta fi rana mai ƙwalla, domin hasken da ke ɗigowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Saitin gani ka mai da shi ɗigo ɗaya, ka ɗora a kan idon da ya fi kusa da kai. In ka bar wa kyamara zaɓi, ganyen da ke gaba za ta kama. Idan ganye ya yi yawa har tana ta kai da komo, ka juya zoben da hannunka. Idon biri mai ganga yana can ciki ƙarƙashin ƙashin gira, saboda haka ka jira ya ɗaga kai sama, haske ya faɗa cikin idon, sannan ka danna. Ka kashe duk wani ƙara na kyamara, da ɗan jan hasken da take fitarwa don neman saiti. Filashi haramun ne a nan: yana firgita su, kuma zai iya sa su ƙaurace wa itacen da suke dogara da shi a wannan makon.

Lokacin da ya bayyana, jikinka zai yi rawa. Ka ɗaga kyamara a hankali kamar mai ɗaga kofi cike da ruwa, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka saki numfashi, ka ɗauki uku uku. Kada ka nuna shi da yatsa, kada ka miƙe, kada ka kwaikwayi kukansa. Ka ɗauki na kusa, sannan ka ja zum baya ka ɗauki shi da itacen da kurmin, domin wannan hoton ne zai nuna cewa a gidansa ka same shi. Ka lura da hannuwa: yadda yake zaɓen ɓaure, yadda ɗa ke riƙe gashin uwarsa. In ya gan ka ya yi wata gajeriyar ƙara mai kaifi, ko namiji ya fara jijjiga rassa gashinsa a tsaye, an gama. Ka sauke kyamara, ka sunkuyar da kai, ka bar su su tafi ta inda suka ga dama, kada kuma ku bi su. Uwar da na faɗa maka ta yi kusan minti huɗu kafin ta hango mu. Hoto 60 na ɗauka, biyu suka fita.

Mai waya kaɗai ma yana da abin yi. Zum ɗin waya ba zai kai ba, amma in ka ɗora idonta a kan tabarau mai hangen nesa, ka riƙe da kyau, za ka sami abin nunawa, bidiyo kuma ya fi hoto fita a irin wannan hali.

Bayan ka dawo

Kowace yamma a sansani ka goge kaya, ka buɗe jaka ta sha iska, ka kwafe hotuna zuwa wuri na biyu. A gida, wajen gyara, ka cire koren da ya hau gashi, ka ɗan buɗe duhun fuska, ka tsaya nan.

Kafin ka sa hoto a Facebook ko WhatsApp, ka cire bayanin wurin da waya ko kyamara take liƙa wa hoto, kada kuma ka rubuta sunan rafi ko ƙauyen da ke kusa. Sunan gandun ya isa. Ba masu sha'awa kaɗai ke kallon hotunanmu ba. Biri mai ganga yana rukunin farko na dabbobin da dokar Kamaru ta hana kashewa ko kamawa ko ajiyewa, amma har yanzu ana kashe shi don nama, ana sayar da 'ya'yansa. Macen takan haihu sau ɗaya ne a shekara biyar ko shida, kuma ba ta sakin ɗanta tana da rai. Duk jaririn da ka gani ɗaure da igiya a wani gida ko a bakin hanya, an kashe uwarsa ne. Kada ka ɗauki hoto da shi, kada ka biya ko sisi, ko da niyyar ceto ce, domin kuɗin ne ke mai da maharbi daji. Ka sanar da ofishin ma'aikatar dazuka mafi kusa.

Irin waɗannan marayu ake kai wa wuraren reno kamar na Mefu kusa da Yawunde, da na Limbe, da na Sanaga-Yong kusa da Belabo. In tafiyarka ta kurmi ba ta ba ka fuska ba, kana iya tambaya ko Mefu ko Limbe suna karɓar baƙi a lokacin, ka je ka koyi yadda haske ke zama a kan wannan fuska. Sai dai in ka nuna hoton, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa a wurin reno ka ɗauka. Ka kuma wanke hoto biyu ko uku na tafiyar kurmin, manya, ka aika wa mai bin sawunka da ofishin gandun ta hannun direban motar Tibati.